Zato da Son Zuciya

Akwai wani hali da muke gani kullum, amma ba mu daidaita kan sunansa ba, watau mutum ya yanke wa wani hukunci a ransa tun bai san shi ba. Masu fassara da yawa sukan kira shi son zuciya. Ni kuwa a ganina sun yi kuskure.

Mai son zuciya ya san gaskiya sarai, sai ya kauce mata don abin da zai samu, kamar alƙalin da ya karɓi toshiya. Amma wannan da muke magana ba ya neman riba. Shi dai ya ji an faɗa tun yana yaro, ya riƙe, bai taɓa bincikawa ba. Sunan da ya dace da shi mugun zato, gama zato shi ne abin da zuciya ta ƙulla ido bai gani ba.

Ga misali a ƙasar Yauri. Mu je kasuwar Wara, cikin Ngaski. Bakambare ya kawo dawa, ya yi ciniki da Hausa mai ɗan karkata, sai wani ya ce gwaranci yake yi, ya ɗauke shi wawa. Alhali kuwa mutumin nan yana jin harshe biyu, mai yi masa dariya ɗaya kaɗai ya sani. Ita kalmar gwaranci ma, daga sunan Gwari aka ciro ta, ka ga zaton ya shige cikin harshe ya ɓuya.

Haka kuma Gungawa. Mu muka raɗa musu wannan suna saboda gungun da suke zaune tsakiyar Kwara, su kuwa Reshe suke kiran kansu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci gungu da yawa, aka ta da mutum fiye da 40,000 daga wuraren zamansu. Wanda ke zaton Bagunge bai iya kome ba sai su, lalle bai ga irin albasar da suke nomawa ba.

Bambanta kalmomin nan yana da amfani, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Mai son zuciya sai tsoron Allah ya gyara shi. Mai mugun zato kuwa, sai ya matso kusa, ya tambaya, ya saurara. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kai da ka koyi karatu yanzu, in ka ji an yi wa wata ƙabila kuɗin goro, tambayi mai maganar: su nawa ka taɓa zama da su?