Sahu ɗaya a filin Idi, cikin gari fa?

Ya kai mai karatu, dubi filin Idin Tebaram. Duk shekara fili ne kawai, awaki na kiwo, jakuna na ratsawa. Jajibirin Salla sai samari su share shi, a tsai da gabas. Da hantsi ya zama masallaci, ba gini, ba ƙofa, ba mai riƙon mabuɗi. Manomi da makiyayi, Ba'adare da Bafillace da Ba'abzine, kafaɗa da kafaɗa, goshinsu bisa rairayi ɗaya. Wannan abin yabo ne. Haka alhazai ke tsayuwar Arfa ran 9 ga Zulhajji, sarki da talaka cikin harami iri ɗaya. Bilal ma, ladanin farko na Musulunci, bawa ne da aka ƴanta.

Amma akwai gyara. A filaye da yawa tun da asuba ake shimfiɗa darduma a sahun gaba, a ajiye wa manya wuri. Talaka ya yi sammako, sai a ce ya ja baya. Alhali sahun gaba na wanda ya riga zuwa ne.

Babban aibin yana bayan sallama. Wanda ka haɗa kafaɗa da shi ɗazu, gobe ya nemi ɗiyarka, sai ka ce kakansa bawa ne, ko maƙeri, ko mahauci. Wani ma gonar da ya shekara talatin yana noma, an ce ba ya gadonta.

Kada ka ce zancen da ne. Nan jiharmu ta Tahoua, a 1996, aka saida Hadijatou Mani tana da shekara 12. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta tsaya mata. A 2008 kotun CEDEAO ta ce Nijar ba ta kare ta ba, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa. Dokar 2003 kuwa ta tanadi kaso na shekara 10 zuwa 30 ga mai bautar da mutum.

Saboda haka, Salla mai zuwa ka dubi na damanka da na hagunka da kyau. In an naɗe tabarmi, riƙe su yadda ka riƙe su a sahu: wajen rijiya, wajen rabon gona, wajen neman aure. Ku tattauna wannan a ajinku na yaƙi da jahilci, ku aiko mana ra'ayinku. Allah ya sa mu gane, amin.