Netanyahu ne kaɗai matsalar?

Duk ranar da aka tada zancen Gaza a fadarmu, kafin shayi na biyu ya nuna sai wani ya ce: "Ai Netanyahu ne matsalar, ranar da ya sauka an huta." Ni dai ban yarda ba. Mutumin yana da nasa laifin, amma aƙidar jam'iyyarsa, Likud, ta girme shi.

A 1973 aka kafa Likud, ƙawancen ƴan ra'ayin riƙau a ƙarƙashin Menahem Begin, tsohon shugaban mayaƙan Irgun. Begin almajirin Jabotinski ne, wanda tun 1923 ya rubuta cewa Larabawa ba za su bari a zaune musu ƙasa da son ransu ba, sai an nuna musu ƙarfin da ba su iya karyawa. A 1977 Likud ta kayar da ƴan Leba, masu riƙe da mulki tun 1948. Takardar manufofinta ta wancan zaɓe ba ta ɓoye komi ba: tsakanin teku da kogin Jodan, mulkin Isra'ila kaɗai za a yi. A lokacin Netanyahu ko majalisa bai shiga ba, sai a 1988.

Wani zai ce, to ba Begin ne ya yi sulhu da Sadat ba? Haka ne. An sa hannu a 1979, aka gama mayar wa Masar da Sinai a 1982. Amma a zamanin Begin ɗin ne matsugunan ƴan kama-wuri-zauna suka yi ta yaɗuwa a Gaɓar Yamma. Ya saki hamada don ya ƙara damƙe wurin da zuciyarsa take. Dubi kuma Ariel Sharon: da ya kwashe matsugunan Gaza a 2005, jam'iyyarsa ta yi masa bore, Netanyahu ya aje muƙamin ministan kuɗi, har Sharon ya fice ya kafa Kadima. Ka ga ke nan, jam'iyyar ta ƙi ja da baya ko da shugabanta ne ya ja.

To mi Netanyahu ya ƙara? Ya maida jam'iyya tamkar gonar gado. Tun 2020 yake gaban kotu kan zargin cin hanci. A zaɓen 2022 Likud ta samu kujeru 32 cikin 120, sai ya jawo Ben-Gvir da Smotrich, waɗanda suka fi shi tsauri, ya ba su ministoci. A 2023 gwamnatinsa ta tashi rage wa kotun ƙoli ƙarfi, jama'a suka cika tituna wata da watanni. Mu ƴan Nijar mun san irin wanga wasa, tunda a 2009 an rushe kotun tsarin mulki a nan saboda tazarce.

Kada kuma mu ɗauka masu zaɓen Likud ba su da dalili. Yahudawan da suka zo daga Maroko da Iraƙi sun daɗe suna jin manyan Leba na raina su, Begin ne ya fara ba su daraja. Irin wannan amana ba ta mutuwa don shugaba ya sauka.

Abin da nake tsoro shi ne mu rataya dukan fushinmu a wuyan mutum guda, ranar da ya tafi mu tafa mu watse. Duk wanda ya gaje shi, ƴan'uwa, mu tambaya: mi ya ce game da Gaɓar Yamma, mi ya ce game da ƙasar Falasɗinu?