Allura Biyu a Rana: Gwanintar Jinyar Tsohuwar Kyanwa Mai Suga da Ciwon Ƙoda

Kyanwa ma tana kamuwa da ciwon suga, kuma nata ya fi kusa da na manyan mutane, wanda ƙiba da shekaru da yawan kwanciya suke jawowa. Muzuru ya fi macen kamuwa. Ciwon ƙoda kuwa tare da tsufa yake zuwa mata, yana cikin manyan cututtukan da ke kwantar da ita da zarar ta haura shekara 10. Kowannensu, in shi kaɗai ne, ana iya lallaɓa shi shekaru. Wahalar tana farawa ne ranar da suka haɗu a jiki ɗaya, domin kusan duk abin da suga yake so ƙoda ba ta so. A Ingila da Jamus da Amurka da Ostareliya, inda kyanwa take kwana a ɗaki har ta kai shekara 16 ko 18, akwai mutanen da suka ƙware a wannan jinya cikin gidajensu, yawancinsu ba su taɓa shiga ajin likitanci ba. Ni dai ina jinjina musu.

Abu na farko da ciwon ƙoda yake ƙwace wa mai jinya shi ne kwanon ruwa. Wanda kyanwarsa take da suga kaɗai, kwanon nan ne ma'auninsa. In suga ya haura wajen 14 zuwa 16 a ma'aunin milimol, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zube cikin fitsari ya ja ruwa ya fita da shi, kyanwa ta yi ta fitsari ta yi ta sha. In allurar insulin ta zo daidai shan ruwan ya ragu, mai ita ya gane an samu kan abin. To amma ƙodar da ta gaji ba ta iya tattara fitsari ya yi kauri, don haka ƙishirwa tana nan ko da suga ya sauka lafiya lau. Rama da kasala ma duka cututtukan biyu suna kawo su. Wanda ya tsaya kallon kwano zai ce allura ba ta isa ba, ya ƙara, alhali sugan ya riga ya yi ƙasa. Shi ya sa gwanayen wannan aiki ba sa motsawa sai sun auna jini.

A ce tsohon muzuru ne, uwargijiyarsa ta ɗora shi a cinya a wurin da ya saba kwanciya. Da ɗumama kunne take farawa, ta murza shi a hankali tsakanin yatsu ko ta ɗora masa ƙyalle mai ɗumi, don kunne mai sanyi ba ya ba da jini. In ka ɗaga kunnen kyanwa ga haske za ka ga wata siririyar jijiya ta bi gefensa. Tsakanin jijiyar da bakin kunnen take cakawa, ta tokare bayan da dunƙulen auduga don kada tsinin ya samu yatsanta. Ɗigon da ake bukata bai wuce ƙwayar gero ba. Wasu sukan shafa ɗan Vaseline tukuna, don jinin ya dunƙule wuri ɗaya kada ya bi gashi ya watse. Ta kanga bakin tsinken gwaji, na'ura ta ƙirga 'yan daƙiƙu, lamba ta fito. Sai ta danne wurin da auduga don kada jini ya kwanta, ta miƙa masa ɗan yankan dafaffiyar kaza. Kazar nan tana cikin aikin, ita ce take sa bayan 'yan makonni muzurun ya taho da kansa in ya ji an buɗe jakar kayan gwaji.

Ana wannan wahala a gida ne saboda tsoro kaɗai yana iya cilla sugan kyanwa sama. A sa ta a kwando, a shiga mota, ta ji warin karnuka a asibiti, sai a auna a ga lamba mai tayar da hankali, alhali a gida ba haka take ba. Akwai gwajin jini da ake kira furuktosamin, mai nuna matsakaicin suga na wajen mako 2, amma matsakaici ba zai faɗa maka cewa jiya da tsakar dare suga ya faɗi warwas sannan ya sake tashi ba. Na'urar gwajin ma sai an san halinta. Ta mutane takan nuna lambar da ta gaza ta gaskiya a jinin kyanwa, abin da ya sa aka ƙera irin su AlphaTrak don dabbobi. A 'yan shekarun nan likitoci sukan aske ɗan wuri a wuya ko gefen ƙirji su manna FreeStyle Libre, wadda aka yi wa mutane, mai karanta suga dare da rana har kwana 14, ko da yake kyanwa takan soshe ta ta yar kafin wa'adin ya cika.

Allurar insulin sau 2 ce a rana, tsakaninsu awa 12, kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai, galibi da yunit 1 ake farawa. Lokaci-lokaci mai jinya yakan ware yini guda ya riƙa auna jini duk bayan awa 2, daga allurar safe zuwa ta dare, yana rubutawa a littafi. Wurin da suga ya fi yin ƙasa yake nema, wanda yakan faɗo wajen tsakiyar zangon. Sabon shiga ya ga 22 da safe sai hankalinsa ya tashi, ya so ƙara allura nan take. Gwani yakan duba abin da ya faru awa 6 bayan allurar. In ya ga 4, ya san babu wurin ƙari, maganar ragi ma zai kai wa likita. Ko za a canza, rabin yunit ake motsawa, sannan a jira kwanaki jiki ya zauna kafin a sake taɓawa. Sirinji ma abin lura ne: Caninsulin da ProZinc yunit 40 ne a kowane mililita, Lantus kuwa 100. Wanda ya zuƙi Lantus da sirinjin da aka yi wa mai 40 ya ba dabbarsa ninki biyu da rabi na abin da ya yi niyya.

Ƙoda kuma tana da nata sharaɗin. Ita da hanta ne suke share insulin daga jini bayan ya gama aikinsa. In ta raunana ba ta share shi da wuri, sai ya daɗe yana aiki. Allurar da ta yi daidai wata 6 da suka wuce tana iya yin yawa yau, ba tare da kowa ya yi kuskure ba, ƙodar ce ta ƙara ja da baya. Haka abin yake a jikin ɗan Adam, kuma wanda ya taɓa jinyar dattijo mai suga da ƙodarsa ta taɓu ƙila ya ga an rage masa allura yana mamaki.

A 2009 Kirsten Roomp da Jacquie Rand ta Jami'ar Queensland suka fitar da bincike a kan kyanwoyi 55 da masu su suke aunawa a gida, suna matse sugan kusa da na lafiyayyiyar kyanwa. Kashi 64 cikin 100 sun kai ga daina bukatar allura gaba ɗaya. Labari ne mai daɗi, kuma ya sauya yadda ake kallon cutar. Amma mai tsohuwar kyanwa da ƙodarta ta gaji yakan karanta shi ya ajiye, da sani. Suga mai yawa ɓarnarsa a hankali take, watanni take ɗauka. Suga da ya faɗi ƙasa da 3 yana iya kashe dabba a dare ɗaya, kowa yana barci. Don haka shi da likita sukan amince a bar sugan ya yi yawancin yini tsakanin 5 ko 6 zuwa 14, in ya ɗan haura ma ba a ruɗe ba. Wannan ne wurin da ya fi burge ni. Mutum ya iya aikin, yana da kayan, ya san zai iya saukar da lambar ta yi kyau a littafi, amma ya riƙe hannunsa saboda ya san jikin da ke gabansa ba zai ɗauka ba. Ba kowa ne yake iya ganin 15 a na'ura kullum ya haƙura ba.

Sai rigimar abinci. Kyanwa maciyar nama ce, kuma ciwon suga yana son a ba ta furotin da yawa, sitaci kaɗan. Ƙoda kuwa babban abokin gabarta sinadarin fosfaras ne, shi kuma a nama da kifi da ƙashi yake zaune. Abincin da ake haɗawa don masu ciwon ƙoda ana rage masa fosfaras da furotin, a cike gurbin da kitse da sitaci, wato abin da suga ba ya so. Ba kuma za a raina shi ba: a 2000 Jonathan Elliott da abokan aikinsa a Landan sun nuna cewa kyanwoyin da suka karɓi irin wannan abinci tsaka-tsakin sauran rayuwarsu ya kai kwana 633, waɗanda suka ƙi shi kuwa 264. Likitocin dabbobi sun kasa ciwon ƙoda mataki 4. A matakan farko akan nemi abincin gwangwani mai ruwa-ruwa, maras sitaci da yawa, wanda fosfaras ɗinsa ya fi ƙanƙanta, in da bukata a barbaɗa masa garin maganin da ke kama fosfaras a hanji ya fita da shi ta kashi. In aka kai mataki na 3 ko na 4 sai a bar wa ƙoda, a daidaita allura ta bi abincin, domin allura ana iya gyara ta gobe, ɓangaren ƙodar da ya mutu kuwa ba ya dawowa.

Duk wannan lissafi yakan tsaya cak ranar da muzuru ya shinshina kwano ya juya baya. Ciwon ƙoda yana kawo tashin zuciya, ci ya zama yau akwai gobe babu. Uwargijiyarsa ta ɗan ɗumama abincin don ƙamshi ya tashi, ta juye a faranti mai faɗi, ta lakata a yatsa ta kai masa baki. Ya lasa sau biyu ya kau da kai. Lokacin allura ya yi, jininsa 8. In ta yi masa cikakkiya a kan cikin da babu komai, tana iya kayar da shi kafin azahar. In ta riƙa tsallakewa kullum, guba mai suna kiton za ta taru a jininsa, kuma kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba kitse yakan cika mata hanta. Sai ta ɗauki waya: "Likita, tun daren jiya bai ci ba, jininsa 8, in yi masa rabi ko in dakata?" Masu jinyar da suka goge sukan zauna da likita tun da wuri a rubuta musu abin da za su yi a irin wannan safiya, lamba kaza da ci kaza, allura kaza. Akwai kuma magungunan taimako, maropitant don amai, da mirtazapine da ake shafawa a cikin kunne don buɗe ciki. In jiki ya bushe, a rataye ledar ƙarin ruwa maras suga a zura allura ƙarƙashin fatar kafaɗa. Da yawa sun koyi yin wannan ma a gida.

Da tafiya ta yi tafiya masu jinya sukan koyi karanta jikin dabbar daki-daki. In tana taka ƙasa da dunduniyar ƙafafun baya gaba ɗaya maimakon kan yatsu, suga ne ya daɗe a sama ya taɓa jijiyoyi. In wuyanta ya lanƙwashe, kai ya rinjaya ƙasa ta kasa ɗagawa, ƙoda ce ta zubar da fotasiyam. In tana tangaɗi, tana kuka, idanu sun buɗe tangararan, suga ne ya faɗi, sai a goga mata zuma a dasashi a nufi asibiti, ba a ɗura wa wadda ta suma komai a baki. Amma buɗaɗɗen ido da karo da bango kan iya zama makantar hawan jini, wanda shi ma ciwon ƙoda ne yake haifar da shi, kuma maganinsa daban. Ɗigon jinin kunne ne yake raba gardamar a cikin minti ɗaya.

A Disambar 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Bexacat, ƙwayar haɗiya ga kyanwa mai suga, sai Senvelgo na ruwa ya biyo baya a 2023. Mutane da yawa sun yi murna, sau ɗaya a rana kuma babu allura. Sai dai aikinsu shi ne su sa ƙoda ta zubar da suga cikin fitsari, ke nan da ƙodar suka dogara, kuma suna iya tara kiton a jini ko da na'ura tana nuna suga daidai. An yi su ne don kyanwar da aka gano cutarta kwanan nan, mai sauran ƙoshin lafiya, wadda ba a taɓa yi wa insulin ba. Wadda ta shekara a kan allura, ƙodarta kuma ta kai mataki na 3, ba ta cikin waɗanda likita zai rubuta wa su.