Tsara Allon Kwamfuta a Sutudiyon Waƙa

Duk mai aikin sauti da ya zauna gaban kwamfuta akwai matsalar da ke jiransa tun bai taɓa kiɗa ba: waƙar ta fi allon girma. Waƙa ɗaya ta zamani tana iya kaiwa layi arba'in ko fiye, kowane layi da ma'aunin ƙararsa da na'urorin tace shi, ga kuma tagar jera kiɗa, ga ta gyaran murya, ga miksa. Allon da yawancin matasanmu ke aiki da shi kuwa ƙaramin allon laftof ne. Ba yadda za a yi wannan kaya ya shiga wannan fili. Dole a fito da wani abu a ɓoye wani, kuma wanda bai zaɓa da kansa ba, kamfanin da ya rubuta manhajar ya riga ya zaɓa masa. Ina ganin wannan zaɓi yana da hannu a yadda waƙa ke fitowa fiye da yadda ake zato, ga shi kuwa da wuya ka ji ana koyar da shi.

Da can babu wannan damuwa, don kayan aikin ba su ba da zaɓi ba. A 1967 ƙungiyar Beatles ta ɗauki faifanta Sgt. Pepper a sutudiyon Abbey Road da ke Landan kan tef mai layi huɗu kacal. A shekarun 1970 tef mai faɗin inci biyu da layi 24 ya zama ruwan dare a manyan sutudiyo, tare da teburin haɗa sauti wanda tsawonsa kan fi faɗin hannuwan mutum. Kowane layi yana da sandarsa da maɓallansa a wuri guda da ba ya motsi. Injiniya zai manna dogon salatif a gindin sandunan ya rubuta sunan kowane kayan kiɗa da maka. Bayan ɗan lokaci hannunsa ya haddace teburin. Kamar mai shayi ne da ke hira da kai yana miƙa hannu ya ɗauko sukari ba tare da ya duba ba, saboda gwangwanin bai taɓa barin wurinsa ba. Ido yana hutawa, hankali kacokan yana wajen kunne. Wahalar wancan zamani ita ce mayar da teburin yadda yake idan an dawo kan tsohuwar waƙa. Sai an rubuta matsayin kowane maɓalli a takarda, har kamfanin SSL na Ingila ya fito da tsarin Total Recall a farkon shekarun 1980, wanda ke nuna wa injiniya a talabijin inda kowane maɓalli yake domin ya mayar da shi da hannu.

Kwamfuta ta warware wannan wahala gaba ɗaya, amma ta karɓe haddar hannu. A allo komai yana yawo. Tagar da ka bari a dama jiya, yau ta ɓuya ƙarƙashin wata. Masu rubuta manhaja sun gane asarar, kuma kowane gida ya nemi mafita irin tasa.

Logic, wanda kamfanin Emagic na Jamus ya ƙirƙira kafin Apple ya saye shi a 2002, shi ne ya fi shahara da abin da ya kira Screensets: ka jera tagoginka yadda kake so, ka ɗaura jerin a kan lamba, ka danna 1 ka ga wurin ɗaukar murya, ka danna 2 ka ga miksa. Har kulle jerin ana iya yi don kada ya canza. Cubase na kamfanin Steinberg da ke Hambug, wanda ya fara fitowa a 1989 kan kwamfutar Atari, yana da makamancin wannan da sunan Workspaces, kuma ya raba shi gida biyu: wanda ke bin waƙa ɗaya kaɗai da wanda ke bin duk aikin da aka buɗe a kwamfutar. Pro Tools, tun daga 1991, ya tsaya kan manyan tagogi biyu, ta yanka da ta haɗawa, wato injin tef da teburi ke nan a sabuwar riga, daga baya ya ƙara damar adana jerin tagogi har 99. Ableton Live na Balin da ya zo a 2001 bai ba mutum sararin jan tagogi ba: fuska biyu ce, maɓalli ɗaya ke juya su. FL Studio na ƙasar Beljiyam, wanda ya fara da sunan FruityLoops, ya bar tagoginsa suna shawagi, sai dai ya ba kowacce maɓallinta, F5 na jerin kiɗa, F7 na allon fiyano, F9 na miksa.

Abin lura a nan shi ne inda aka dosa daga baya. Logic ya tattara komai cikin taga ɗaya a 2007. Wata manhajar mai suna Studio One ta fito a 2009 da wannan tsari tun daga tushe. Cubase ma a 2016 ya ƙara wani sashe a ƙasan babbar tagarsa don miksa da wurin gyara su zauna a ciki. Kamfanonin da suka fara tallar 'yancin jera tagogi su ne suka dawo suna rage shi, wataƙila saboda sun ga mutane na ɓata lokaci wajen neman abin da suka ajiye da hannunsu. A ganina gaskiya suka bi. Amfanin tsara allo shi ne a samu wurin da ba ya canzawa, yadda hannu zai sake samun abin haddacewa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu a kan yadda fiyanon Yamaha ya mamaye kiɗan fina-finan Hausa tun shekarun 1990, kuma daga fiyanon ne aka gangaro kan kwamfuta. Wanda ya san sutudiyoyin Titin Gidan Zoo a Kano, ko na Kaduna da Jos, ya san fasalinsu: ɗaki ɗaya, ɗan akurkin ɗora murya, kwamfuta ɗaya, hannuwa da yawa. Maigida yana aiki da rana, yaransa su karɓa da dare. Mawaƙa na jiran layi a kan benci, janareta na shan mai. A irin wannan wuri kowane minti kuɗi ne.

Ka ɗauki lokacin ɗora murya. Mawaƙi yana ciki da hedifon a kunne, ya kama baiti, murya ta buɗe. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Oga, ƙaro mini muryata, kiɗan ya danne ni." Idan allon a cunkushe yake, sai injiniya ya rufe tagar fiyano, ya ture ta gyaran murya, ya buɗe miksa, ya ja ta gefe yana laluben layin da ke kai sauti kunnen mawaƙi. Kafin ya gama, wancan ya cire hedifon ya duba wayarsa, zafin da ya ɗauko ya huce. Wanda ya tanadi allon ɗora murya kuwa, abu huɗu ko biyar ne a gabansa: layin da ake ɗauka da girmansa, ma'aunin ƙarar da ke shigowa, sandunan abin da mawaƙi ke ji, alamomin baiti da amshi, da agogo. Ya ce, "To, Malam, ji yanzu," kafin mawaƙin ya sauke hannunsa. Muryar da aka kama a wannan daƙiƙa ba a sake samun irinta a ɗauka ta goma.

Sai dai a tuna, canza allo ba ya canza saitin injin. Ɗan jinkirin da ke tsakanin bakin mawaƙi da kunnensa yana bin girman ma'ajiyar da kwamfuta ke tara sauti a ciki kafin ta fitar. A saurin ɗauka na 44,100 a daƙiƙa, ma'ajiya mai 128 tana kawo jinkirin kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa, mai 1024 kuma kusan kashi 23, kuma wannan a hanya ɗaya ce kawai. Na farkon ake so wajen ɗauka, na biyun wajen haɗawa. Wanda ya juya zuwa allon ɗora murya ya manta da wannan, zai sa mawaƙi ya riƙa jin kansa a makare.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne jerin layuka. Al'adar da muka gada daga sutudiyoyin Turai da Amurka ita ce ganguna a farko, sai bes, sai jita da fiyano, murya can ƙarshe. Al'adar tana da dalilinta. Layukan bakin tef sun fi saurin lalacewa, don haka akan ba su kaya masu kaurin sauti, layi na 24 kuma sau da yawa akan bar wa siginar lokaci. Ban da haka, a kan babban teburi injiniya yakan janyo muryar ya ajiye ta kusa da tsakiya, daidai inda yake zaune tsakanin lasifika biyu. Da aka kwafo jerin zuwa kwamfuta sai aka ɗauko tsarin aka bar hikimar. A ƙaramin allo abin da ke ƙarshen jeri ba a ganinsa sai an gangara. Waƙar Hausa kuwa magana ce. Tun daga Mamman Shata da Ɗanƙwairo har zuwa Aminu Ala da Nura M. Inuwa, mai sauraro kalmomi yake bi, kuma ginin waƙar yana kan musayar da ke tsakanin jagora da 'yan amshi. Ina dalilin da zai sa injiniyan da ke haɗa irin wannan waƙa ya wuni yana kallon layi goma sha biyu na ganguna, muryar jagora tana ɓoye a ƙasa? Abin da ke gaban ido shi hannu ke yawan taɓawa. Sau da yawa idan na ji waƙar da kiɗanta ya sha gyara amma baitukan na nutsewa, ina zargin daga nan abin ya faro. Jagora a sama, amshi a ƙarƙashinsa da launi dabam, yadda da kallo ɗaya za ka ga inda ɗaya ya saki ɗaya ya kama, sannan kiɗa ya biyo baya: wannan jeri ya fi dacewa da waƙarmu, kuma babu manhajar da ta hana shi.

Haka zancen yake game da zanen layukan da ke raba allo gida-gida bisa ma'aunin kiɗa. Da zarar an ɗauki kalangu aka ga bugunsa bai hau kan zanen daidai ba, sai hannu ya fara ƙaiƙayin gyarawa. To amma kalangu karin harshe yake bi, yana jan wani bugun yana gaggauta wani kamar yadda mai magana ke yi. Idan aka daddatsa shi aka dasa kowane bugu a kan layi, an sami tsari a ido, an rasa maganar. Ana iya dusashe zanen ko a kashe maganaɗisun da ke jan komai zuwa gare shi, kuma ya kamata allon gyaran kayan gargajiya ya kasance a haka tun farko.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A aikin sauti kimar ido tana yaudara. A 1976 masu bincike biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, sun nuna cewa idan aka haɗa sautin wata gaɓa da hoton leɓe yana furta wata dabam, mutum yakan ji gaɓa ta uku da ba a furta ba. Gani yana shiga cikin ji ba tare da izini ba. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san labarin mai murɗa maɓalli yana jin sauti na gyaruwa, ashe na'urar a kashe take. Shi ya sa nake ganin cikin jerin allunan da mutum zai adana, ya kamata a samu guda wanda kusan babu komai a kansa sai maɓallin kunnawa da tsayarwa. A nan ake sauraron waƙa daga farko har ƙarshe yadda mai Adaidaita Sahu zai ji ta, ba tare da an hango amshi na tahowa ba.

Ɓoyewa ma tana da nata haɗarin. Layin da aka ɓoye bai yi shiru ba, yana nan yana ƙara, yana kuma cin ƙarfin kwamfuta. Tari ko motsin kujera da ya maƙale a ɓoyayyen layi kan bi waƙa har kasuwa. Kafin a fitar da aiki dole a buɗe komai a duba sau ɗaya.

Akwai kuma batun gado. Yawancin yaran sutudiyo ba su taɓa gina allo daga fari ba. Sun tarar da na maigida, ko sun sauko da shiryayyen fayil daga intanet wanda wani ya tsara don kiɗan da ba namu ba, da Auto-Tune a buɗe a kan layin murya tun ba a ji mawaƙin ba. Wannan na'ura ta kamfanin Antares, da ta fito a 1997, tana da amfaninta, amma idan tagarta ce ke fara yi maka sallama kullum, za ka sa ta ko ga wanda muryarsa ba ta bukata. Ina jin kamannin da ake kuka da shi a waƙoƙin zamani yana da alaƙa da wannan. Na fahimci dalilin maigida na hana yaro taɓa masa tsari, domin sutudiyon da hannu biyar ke aiki a ciki yana bukatar launi ɗaya da jeri ɗaya da kowa ya sani. Amma ya dace ya zaunar da yaron ya faɗa masa dalilin kowane abu, sannan ya ware masa lamba ɗaya ko biyu da zai jera nasa. Manhajojin sun tanadi wurin hakan.

Masu tasowa yanzu da yawa ba ta laftof suke farawa ba. Da waya suke farawa, da BandLab ko FL Studio Mobile, inda allon bai wuce tafin hannu ba kuma abu ɗaya ake gani a lokaci guda. Babu tagar da za a ja, kamfani ya gama yanke hukunci. Waɗannan yara sun saba da yin aiki da kunne saboda babu abin kallo sosai, amma ba su taɓa ganin waƙa gaba ɗayanta a shimfiɗe ba. Ranar da suka shigo sutudiyo aka ba su babban allo, aikin farko na mai koya musu shi ne ya nuna musu tagogin da za su rufe.