Jinjina ga Masu Ɗaura Zare

Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, kalangu ya kira samari fili. Daga irin wannan dandali na ƙauye, a Wurno ko Gwaram ko Birnin Kudu, ɗan dambe yake farawa: ba albashi, ba likita a gefe, sai hannu guda a naɗe da zare, ɗayan kuma garkuwa. Turmi uku ne. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi, kuma ya tashi su rungumi juna. Wannan ladabin ne ya fi burge ni.

Mai rabo yakan kai gidajen damben Kano, ya shiga ɓangaren Kudu ko Arewa ko Guramaɗa, sana'a ta ciyar da iyalinsa. Kaɗan ne ke samun makaɗi kamar yadda Shago ya samu Ɗan Anace.

Damben zamani ma ya san jarumtar yankinmu. Issaka Dabore ya je gasar Olamfik sau uku, ya ciwo wa Nijar tagulla a Munich a 1972, lambarta ta farko. Sai 2016 ƙasar ta sake samun wata. Gaishe ku, mazaje!