Kalangu a Wakanda: Kunnen Bahaushe da Kiɗan Fim ɗin Black Panther

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu dubi irin karɓar da masu sha'awar sinima suka yi wa kiɗan da ya raka fim ɗin nan mai suna Black Panther, wanda kamfanin Marvel na Amurka ya fitar cikin watan Fabrairu na 1918 da ɗari, watau 2018, sa'an nan mu auna wannan karɓa da ma'aunin kunnen Bahaushe. Kunnen da muke nufi kuwa shi ne na mutumin karkarar tsakiyar ƙasar Katsina, kamar Fakuwa da sauran ƙauyukan yankin Kankiya da Kusada, inda yaro yakan san amon kalangu tun yana goye, a gidan biki da dandali da wurin mahauta ran kasuwa. Irin waɗannan wurare ba su da gidan sinima, amma fim yakan riske su ta wayar hannu da gidajen kallo. Ra'ayinmu shi ne, yabon da aka yi wa wannan kiɗa ya cancanta, sai dai abin da aka fi ɗokinsa a ciki shi ne mafi rauni idan aka kawo shi gaban wanda ya san gidan da aka aro shi.

Yadda gobe take amo kafin 2018

Black Panther yana cikin jinsin finafinan ƙagaggen kimiyya, watau waɗanda ake ƙaga wata duniya mai na'urori da ilmin da ba a kai gare su ba tukuna. Tun fil azal masu shirya irin waɗannan finafinai suna fama da tambaya guda: wane irin amo ne zai sa mai kallo ya ji cewa yana cikin gobe? Amsa biyu aka saba bayarwa. Ta farko ita ce kukan na'urar lantarki, kamar yadda Louis da Bebe Barron suka yi a Forbidden Planet a 1956. Ta biyu ita ce babban taron makaɗan Turawa mai goguna da ƙahoni, kamar yadda Stanley Kubrick ya ɗauko tsofaffin kiɗe-kiɗen Richard Strauss da Johann Strauss ya sa a fim ɗinsa na 1968, da kuma yadda John Williams ya yi wa Star Wars a 1977. Ganga kuwa, in an ji ta a fim ɗin Amurka na wancan zamani, to, an shiga daji ke nan, kuma ba da daɗewa ba za a ga mutane da māsu. Ashe a kunnen mai kallo an riga an raba aiki: goge da na'ura su ne gobe, fata da kirinya su ne jiya.

Har ila yau, kafin fitowar wannan fim akwai wani ƙorafi da ya yaɗu tsakanin masoyan finafinan Marvel, cewa kiɗansu ba ya zama a ka. Mutum yakan fito daga kallo ya kasa rera ko da gaɓa ɗaya, alhali kuwa yaron da bai taɓa ganin Star Wars ba ma yana iya yin fito da kiɗan Darth Vader, wanda Williams ya tsara a 1980.

Abin da Göransson ya yi

Wanda daraktan fim ɗin, Ryan Coogler, ya ɗora wa aikin kiɗa shi ne Ludwig Göransson, mutumin Suwidin. Ya tafi Sanagal ya bi mawaƙin nan Baaba Maal, Bafillacen Podor a bakin kogin Sanagal, ya ɗauki sautin makaɗa iri iri, cikinsu har da Massamba Diop, makaɗin tama. Ya kuma ziyarci ma'ajiyar kiɗe-kiɗen Afirka da Hugh Tracey ya kafa a 1954, wadda take garin da a lokacin ake kira Grahamstown a Afirka ta Kudu. Daga baya aka haɗa wannan duka da taron makaɗan Turawa a Landan, da mawaƙa masu rerawa da harshen Xhosa, wanda shi ne aka mayar harshen ƙagaggiyar ƙasar Wakanda. Aikin ya ci lambar Oscar da ta Grammy a 2019.

Tama ƙanwar kalangu ce: ƙaramar ganga mai siririn ƙugu da baki biyu, ana rataya ta a hammata, ana matsa tsarkiyarta domin a ɗaga murya ko a sauke ta. Göransson ya sa aka buga sunan sarkin Wakanda, T'Challa, da wannan ganga, ya mayar da bugun alamar sarkin, ta yadda duk inda ya bayyana ko aka tuna da shi sai a ji ta. Wannan shi ne abin da ya fi ƙayatar da masu kallo a Amurka da Turai. An yi ta maimaita labarin gangar da take magana, har take kiran sunan sarki, kamar wata karama. A biranen Afirka kamar Legas da Akara, inda mutane suka je kallo sanye da tufafin gargajiya, murnar ta wani fanni ce: an ji amon gida yana raka jirgin da ya fi na Bature gudu.

Mu ba mu raina wannan murna ba. Amma bari mu kai maganar Fakuwa.

Take

Abin da aka kira sabon abu yana da suna a Hausa tun kaka da kakanni, watau take. Kowane mai sana'a da takensa, kowane gwarzo da nasa: manomi a wurin gayya, ɗan dambe, ɗan tauri, maharbi, basarake. David Ames da Anthony King sun tattara bayanin wannan a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya faɗaɗa shi a ayyukansa kan makaɗa da mawaƙa. Idan muka ɗora taken T'Challa a kan wannan ma'auni, za mu ga ya gaza ta wasu fuskoki.

Da farko dai, take ba suna ba ne tsurarsa. Magana ce cikakkiya, mai habaici ko zuga ko tunasarwa game da iyaye da abin da suka yi. Kalangu yana iya ɗaukar wannan nauyi domin Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta, ga kuma tsawon wasali da gajartarsa. Makaɗi yana bin wannan tsani da hammatarsa, mai sauraro kuma yana mayar da kalmomin a zuciyarsa. Abin lura a nan shi ne, Wolof da Fulatanci, harsunan makaɗan da Göransson ya yi aiki da su, ba su da karin sauti irin wannan, don haka tama ta fi dogara ga tafiyar magana da nauyin gaɓoɓinta. Sa'an nan sunan da aka ba ta ta faɗa ba na kowane harshe ba ne, marubutan Amurka suka ƙage shi a 1966. Saboda haka babu wani mai sauraro a duniya da zai ji bugun nan ya gane sunan, sai wanda aka riga aka gaya masa. Ganga ta yi magana, gaskiya ne, amma kalma ɗaya ta faɗa, kuma sai da tafinta.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Take yana neman amsa. In aka buga wa ɗan dambe takensa, ba ya ci gaba da abin da yake yi kamar bai ji ba. Jikinsa yakan tsuma, ya miƙe ya ɗaga hannu ya yi kirari, ko kuwa ya sa hannu a aljihu. Tsakanin makaɗi da mai take akwai bashi, kuma jama'a suna tsaye su ga ko za a biya. A fim kuwa T'Challa ba ya jin takensa sam. Mu 'yan kallo kaɗai ake buga wa, daga wani wuri da ba a gani. Wannan dabara ce ta Turai, wadda aka fi danganta ta da Richard Wagner, inda ake ba kowane mutum ko wani abu ɗan guntun kiɗan da zai riƙa tuna wa mai sauraro da shi, kuma ita ce Williams ya yi amfani da ita a Star Wars. Watau dai Göransson ya ɗauki ganga daga gare mu, amma aikin da ya sa ta na gidansu ne. Ba laifi ba ne. Laifin yana ga masu yabon da suka ɗauka cewa sun ji yadda Afirka take kiɗa wa sarakunanta.

Sai kuma maganar daraja, wadda ba za ta taɓa faɗo wa mai kallo a Landan ba. A ƙasar Hausa kayan kiɗa suna da matsayi kamar yadda mutane suke da shi. Tambari da kakaki da algaita na sarki ne. A Katsina Gwauron Tambari yana cikin kayan sarauta tare da takobin nan Gajere. Kotso da taushi da jauje su ne na makaɗan fada. Kalangu kuwa asalinsa na mahauta ne, daga nan ya shiga dambe da wasan 'yammata da bukukuwa. A wurin Wolof tama tana da tarihi a fadar sarakuna, don haka zaɓin Göransson daidai ne a inda ya yi shi. Amma da za a kunna wa dattijo a Fakuwa wannan kiɗa ba tare da hoto ba, a tambaye shi wa ake wa, muna kyautata zaton ba sarki zai fara ambata ba. Abin da zai sa ya ce ga basarake nan tafe shi ne ƙahonin Turawan da suke tashi a bisa gangar, domin su ne suka yi kama da kakaki. Abin dariya ke nan: sashen da ya fi kama da fadar Katsina a Landan aka busa shi.

Inda kiɗan ya yi nasara

Kada a ce mun zo rushewa kawai. Akwai wuri biyu da muke ganin aikin ya kai matuƙa, kuma ba su sami rabin yabon da aka yi wa gangar ba.

Na ɗaya shi ne kiɗan Killmonger, abokin gabar sarki, ɗan sarautar da aka kashe ubansa aka bar shi maraya a Amurka. An haɗa masa sarewar Fulani da dukan na'ura irin na kiɗan samarin baƙar fata na Amurka. Duk wanda ya taɓa jin makiyayi yana busa da la'asar a bayan gari ya san abin da sarewa take faɗa: kaɗaici, da nisa da gida. A nan ba a bukatar tafinta. Kafin fim ya bayyana mana ko wane ne wannan mutum, sarewa ta riga ta gaya mana cewa ɗan gida ne da ya ɓata, dukan na'urar kuma ya gaya mana inda ya girma. Sarewar ma ba a busa ta da daɗi ba. Ana jin muryar mai busa tana fasowa ta cikinta kamar kururuwa.

Na biyu shi ne muryar Baaba Maal sa'ad da aka fara shiga Wakanda. Waƙar da Fulatanci take, kuma tana magana ne a kan giwar da ta faɗi, watau sarkin da ya rasu. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan siffantawa, domin makaɗan fada sun daɗe suna kiran sarki giwa. Bayan rasuwar Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin T'Challa, a watan Agusta na 2020, sai waƙar ta sami ma'anar da ba a nufa ba tun farko, kuma a kashi na biyu na fim ɗin, na 2022, an nuna Baaba Maal da kansa yana waƙa a wurin jana'izar sarkin.

Game da ƙorafin da wasu 'yan Afirka suka yi, cewa an kwashi gangar Sanagal da harshen Afirka ta Kudu da bargon Lesotho an zuba a tukunya ɗaya, ba za mu tsaya a kansa ba. Wakanda ƙagaggiyar ƙasa ce, mai ƙaga kuwa yana da ikon ya ara.

Shata da kumbo

Akwai wani abu da ya kamata a tuna a taro irin wannan. Haɗa kalangu da zancen sararin samaniya bai fara daga 2018 ba. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, ba da nisa da Kankiya ba, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa bayan saukar Amurkawa a kan wata a 1969, kuma da kalangu aka yi amshinta. A shekarar nan ce kuma aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin da ya kai yaron Bahaushe yawo cikin sararin sama. Shata bai ga wani saɓani tsakanin kumbo da fatar kalangu ba, masu sauraronsa ma ba su gani ba. Shi ne kuma mutumin da ya ɗaga kalangu daga wurin mahauta da dandali ya kai shi gaban sarakuna da gwamnoni, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

To, me ya faru bayan haka? Da finafinan bidiyo na Hausa suka kunno kai a Kano, daga Turmin Danya na 1990, ba a daɗe ba sai kiɗansu ya koma kan fiyano mai lantarki, yana bin sawun waƙoƙin finafinan Indiya waɗanda aka shekara da shekaru ana kallo a sinimomin Arewa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayanin wannan sauyi filla-filla. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: mutum ɗaya da na'ura ɗaya sun fi ƙungiyar makaɗa arha, 'yan kallo sun riga sun saba da karin Indiya, ga kuma tsohon kallon da ake wa makaɗi na cewa maroƙi ne. Sakamakon shi ne, kalangu a fim ɗin Hausa yakan fito ne in an zo nuna ƙauye ko zamanin da, daidai da yadda ganga take fitowa a tsofaffin finafinan Amurka da muka ambata a farko.

Alhali kuwa mai shirya fim a Kano yana da abin da Göransson ba shi da shi ko da zai shekara a Sanagal: 'yan kallo masu jin maganar ganga. Zai iya sa kalangu ya faɗi abin da jarumi ya ɓoye, ko ya ƙaryata shi yana cikin rantsuwa, ko a buga taken mamaci a lokacin da ɗansa yake shirin yin abin kunya, kuma mai kallo a Kusada ya gane ba tare da an rubuta masa kome a ƙasan hoto ba. Shata ya rasu a 1999, amma masu kalangu suna nan a kasuwannin Kankiya da maƙwabtanta, kuma daga can zuwa Kano tafiyar da ba ta kai wuni ba ce.