Masu ɗaukar bidiyo a kasuwannin arewacin Gana

Wani yayi ya shigo wa masu zuwa hutu Gana. A da baƙo a otal yake tarewa a Akara, a kawo masa soyayyar shinkafa da kaza, ya leƙa bakin teku, ya koma gida. Yanzu kuwa kasuwa yake shiga da waya a hannu, ya ci abincin bakin hanya ana ɗaukarsa, ya zuba a TikTok. Tun 2019, da gwamnatin Gana ta gayyaci jikokin bayi daga Amurka da sauran ƙasashe su zo ganin tushensu, abin ya bunƙasa har ya hauro arewa. Ina goyon bayan yayin, don sidin da aka kashe a wurin mai koko da ƙosai ya fi wanda aka bari a otal albarka. Yadda ake yinsa ne bai kwanta mini ba.

A ɗauki Salaga. Nan ce Gwanjar da fataken Kano ke yi wa tafiyar watanni da jakuna, su kai kanwa da tufafi da fatu, su ɗoro goron Asante, har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar. Baƙon yau yakan je filin da aka sayar da bayi, ya ga rijiyoyin nan da Wankan Bayi, kuma ya kyauta. Amma da ya shiga kasuwa sai ka ga ya nufi teburin abarba da kwakwa, wai ya zo cin kayan ƙasa mai zafi. Kayan nan fa a mota aka kawo su daga kudu. Abin da ƙasar Gwanja ke bayarwa doya ce, ga ta nan jibge, pona da larbako, ana cinikinta ƙwarya-ƙwarya, ana loda wa manyan motocin Kumasi da Akara. Daga garinta ake turara wasawasa, baƙa wuluk, a zuba mata mai da yaji da yankakkiyar albasa. Ba ta da kyau a hoto, shi ya sa ba ka cika ganinta a bidiyo ba, alhali kwano ɗaya zai riƙe ka har la'asar. Haka ɗorawa da ɗinya da 'ya'yan kaɗanya, kowanne da lokacinsa, ba mai tambayarsu.

A Yandi, garin Ya-Na, matsalar ta fi ciwo. Kasuwannin Dagomba bayan kwana shida-shida suke ci, sai mutum ya zo ranar da ba ta ci ba, ya ɗauki rumfuna wayam ya ce gari ya mutu. Wanda ya dace da ranar kuwa sai ya tsaya kan mai man kaɗanya ba ko sallama, ya kafa mata waya a fuska. Za ka ga ta ja mayafi ta kau da kai, tana gyara ƙwaryar da ba ta karkace ba. In ma zai saya, sai ya ja ciniki ya ja, don masu kallo su ce ya iya kasuwa. Ya kuwa san yadda man nan ya zo ƙwarya? Da asuba ta shiga jeji tsintar kaɗanya a farkon damina, lokacin macizai, ta dafa, ta shanya, ta fasa, ta soya, ta kai niƙa, sannan ta durƙusa tana bugawa da hannu har mai ya taso. Shi ɗin nan a Landan zai biya ninkin ba ninkin a kan ɗan ƙaramin gwangwani bai ce uffan ba. Ciniki al'ada ce, ban hana ba, amma tayi na wanda zai saya ne. "Mma, ina kwana, ya kasuwa?" ba ta cin ko kwabo, kuma wanda ya zauna a benci ya cinye tubaninsa ya biya, in ya nemi hoto da wuya a hana shi.

Ɗan Kano ko ɗan Maraɗi ma ba shi da uzuri, tunda da Hausa ake ciniki a kasuwannin nan, musamman Bawku. Sai dai masu bidiyo ba su cika isa can ba, saboda rikicin sarautar Kusasi da Mamprusi da dokar hana fita da ake yawan sawa. Asarar babba ce. Kasuwar bayan kwana uku-uku take ci, mutanen Togo da Burkina Faso na tsallakowa, ga jar albasar rani da ake nomawa a bakin kogi, ga gasasshen zabo da ƙuli-ƙuli, ga tuwon zafi da miyar ayoyo da ta ji daddawa. Mai niyyar zuwa ya fara tambayar direbobin tashar motar garin Bolga halin da hanya take ciki, ya kuma gama cinikinsa da sauran rana.